Jirgin Sama A Cikin Kwali

Akwai wani aikin hannu da mutane ke yi a ƙasashe da yawa, manya da yara, in sun taso daga aikin neman abinci. Mutum ya sayi kwali a kanti. A cikin kwalin akwai gutsattsarin roba masu yawa, da takarda mai zane da lambobi. Sai ya zauna ya riƙa harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, har su zama ɗan jirgin sama. Wannan jirgi ba ya tashi. Kwaikwayo ne na wani jirgi na gaske, amma kwaikwayo bisa awo. Kome da ke jikin babban jirgin yana nan, an rage shi daidai wa daida.

Za mu duba yadda a ke haɗa ɗaya daga cikinsu, watau wani jirgin yaƙi mai jefa bom. A jikin kwali za ka ga an rubuta Blenheim, amma Ingilishi suna faɗinsa Bilenim. Mun zaɓe shi ne don tsofaffin Kano da na Maiduguri sun gan shi da idonsu.

Yadda ya biyo ta Kano

Cikin 1940, sa'ad da a ke Yaƙin Hitila, Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin a gefen Jamus. Ingilishi na da sojoji a Masar, suna bukatar jiragen sama. To, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ƙwarai. In kuwa aka ce jirgin ruwa ya kewaye Afirka ta kudu, tafiyar makonni ce masu yawa. Sai suka yi dabara. A ka riƙa zuba jiragen sama gunduwa-gunduwa cikin manyan akwatunan katako, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi, a bakin teku cikin ƙasar Gana ta yanzu. A can a ke buɗe akwatunan, makanikai su ɗaura fukafukai da sauran kaya, jirgi ya tashi.

Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu a ke kira Njamena, sai El Fasher da Hartum, har Masar. Tafiyar ta fi mil 3,500, a kan yi ta cikin kwana shida ko makamancin haka. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba 1940. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Blenheim shi ne madugu. Ƙananan jiragen da a ke kira Hurricane mutum ɗaya kaɗai su ke ɗauka, ba shi da mai duba masa hanya. Blenheim kuwa mutum uku ne a ciki: matuƙi, da mai duba hanya, da mai bindiga wanda kuma ke riƙe da rediyo. Saboda haka shi ke gaba, su suna biye, kamar ayarin fatake.

Kun ga ke nan babban jirgin ma a akwati ya zo, hannu ne ya haɗa shi.

Kada dai kyan ɗan jirgin ya sa a manta da abin da aka ƙera babban dominsa. Yana ɗaukar bom mai nauyin laba 1,000, ya sake shi a kan mutane. Su ma na cikinsa ba su tsira ba, gama jiragen Jamus sun fi shi sauri. Ran 17 ga Mayu 1940, guda 12 suka tashi daga Ingila zuwa Beljiyam, ɗaya tak ya komo. Tun kafin yaƙin ya ƙare Ingilishi suka daina kai hari da shi.

Lambar da ke jikin kwali

Kafin ka buɗe kwali, duba wata lamba a jikinsa: 1:72. Wannan lamba ita ce tushen aikin duka. Ma'anarta, inci 1 a jikin ɗan jirgin yana matsayin inci 72 a jikin babban. Inci 72 kuwa ƙafa 6 ke nan. Watau dogon mutum mai ƙafa 6, in aka rage shi bisa wannan awo, ba zai wuce inci 1 ba, kamar gaɓar babban yatsanka.

Bari mu yi lissafin tare. Fukafukan Blenheim, daga bakin wannan zuwa bakin wancan, ƙafa 56 ne da 'yan inci. Raba 56 gida 6. Za ka sami 9, saura 2. Ashe faɗin ɗan jirgin inci 9 ne da kamar sulusi. Tsawonsa daga hanci zuwa wutsiya ya ɗara ƙafa 42 kaɗan. Raba 42 gida 6, ka sami inci 7. Zai zauna a kan faifai sarai.

Akwai kuma 1:48, inda inci 1 ke matsayin ƙafa 4. A nan faɗin jirgin zai kai inci 14. Mutane da yawa su kan ruɗe, su zaci 72 ya fi 48 girma. A'a. In lamba ta yi yawa, jirgi ya ƙanƙance, kamar yadda rabon gado ke raguwa in magada sun yi yawa. Wani kamfanin Ingila mai suna Airfix, wanda ya ke yin irin waɗannan kwalaye tun shekarun 1950, ya yi Blenheim a awon nan duka biyu. Mai koyo ya fara da 1:72, ya fi araha, gutsattsarinsa kuma ba su kai na ɗayan yawa ba.

Amfanin riƙe awo a rai shi ne wannan. Ɗigon gam da ya kai ƙwayar gero a jikin ɗan jirgin, a jikin babban ya fi lemo girma. Gashin buroshi guda da ya maƙale cikin fenti ya zama igiya. Kome ƙanƙantar kuskure, an ninka shi sau 72.

Kayan aiki da shiri

Kayan ba su da yawa: sabuwar reza, da samfefa mai laushi ƙwarai, da matsefata, da tsinken sakace, da buroshi ƙanana biyu, da 'yan kyauro na ɗauri, da gam, da fenti. Nemi faranti ko murfin kwano inda za ka riƙa ajiye ƙananan abubuwa. In ɗaya ya faɗi cikin yashi, ya tafi ke nan, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai a kanti.

Gutsattsarin suna manne a jikin wasu sanduna na roba, kamar 'ya'yan itace a reshe. Dalili, zubi a ke yi: a narka roba a tura ta cikin ƙarfe mai siffa, ta bi ta waɗannan hanyoyi ta cika kowane gurbi, kamar yadda masu zubin tukwanen dalma ke yi. Wanke su da ruwa da sabulu don a fid da maiƙo, ka shanya a inuwa. Rana tana tanƙware roba, kuma fiffiken da ya tanƙware da wuya ya miƙe.

Lambar kowane guntu tana jikin reshe, ba a jikin guntun ba. Don haka kada ka tsinke su duka gaba ɗaya. Karanta takarda daga farko har ƙarshe tukuna. In ta ce a ɗauko 14, sa'an nan ka nemi 14 ka yanke shi. Yanka za ka yi, ban da murɗawa. Bakin reza kuwa ya fuskanci katako, kada ya fuskanci yatsa.

Gam

Gam ɗin roba ba irin ƙaron da muka sani ba ne. Ƙaro ya kan shiga tsakanin abu biyu ya riƙe su. Shi wannan narka fuskar robar ya ke yi, gefen nan da gefen can su cuɗe, su sandare su zama abu guda, kamar walda. In ya kama, ya kama. Saboda haka a ke gwada kowane abu biyu a bushe tukuna. Haɗa su ba gam, ka ɗaga wajen haske. In ka ga kafa, goge da samfefa kaɗan, ka sake gwadawa. Sai sun zauna lafiya za ka ɗebo gam da bakin tsinke, ka shafa siriri.

In gam ya taɓa yatsanka ka kama jirgi, zanen yatsan zai fito a jikin roba. In ya malalo waje, kada ka share. Bar shi ya bushe har gobe, sa'an nan ka goge da samfefa. Warinsa yana sa ciwon kai, yana kuma kama wuta. Yi aikinka a zaure ko a rumfa inda iska ke wucewa, nesa da fitila da murhu, ka rufe kwalba ka ɗora inda yara ba su kai.

Gangar jikin jirgin ɓari biyu ce, dama da hagun, kamar ƙwaryar da aka fafe. Kafin a rufe, dole a gama cikin: kujeru, da sandar tuƙi, da allon agogai. Launin ciki kore ne mai toka-toka, allon agogai baƙi. Waɗansu su kan yanka siririyar takarda su yi wa kujera ɗamara. Wani zai ce wa zai gani? A Blenheim ana gani, don kusan duk hancinsa gilas ne. In ka rufe ɓarin biyu, ɗaure su da kyauro su kwana. Da safe ka goge layin haɗin har yatsa ya daina jinsa, gama babban jirgin ba shi da tsaga a gadon bayansa.

Sa'ad da ka ɗaura fukafukai, ajiye jirgin a kan tebur, ka durƙusa ka dube shi ta hanci. Bakin fiffiken dama da na hagun su yi tsayi ɗaya, wutsiya ta tsaya cak. Kana da ɗan lokaci kaɗan na gyarawa kafin gam ya ƙarfafa. Injuna biyu ne, kowane da farfela mai kunne uku. Farfela da tayoyi da bindiga a bar su sai ƙarshe, don saurin karyewa gare su.

Gilas da fenti

Ni a ganina, a wurin gilas a ke gane gwani. Gam ɗin roba yana dusasa shi. Gam ɗin nan mai kamawa nan take ya fi muni, tururinsa kaɗai yana mai da gilas fari kamar ido mai yana. A yi amfani da farin gam na kafintoci, wanda in ya bushe ya ke zama garau.

Duba hancin da kyau. A samfur na huɗu, mai dogon hanci, wanda ya fi bin hanyar Takoradi, rufin hancin ya lotsa ta hagun. Kada ka zaci kwalinka ne ya lalace. Haka aka ƙera shi, don matuƙi yana zaune a hagun, aka rage masa wurin domin ya ga gabansa. Gilasan suna da firam na ƙarfe, kamar taga. Rufe kowace taga da ɗan guntun tef na takarda, ka bar firam a buɗe, sa'an nan ka yi fenti. Aiki ne mai cin rai, ya kan cinye yamma guda. Haka kuma za ka yi wa ɗan ɗakin gilas na mai bindiga da ke bisa gadon baya.

Jiragen da suka yi aiki a Ingila an shafa musu kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, don in an hango su daga bisa su saje da gonaki. Waɗanda aka shirya don hamada kuwa, a kan musanya koren da launin rairayi. Takarda za ta nuna maka inda kowane launi ya ke tsayawa. Fara da mai haske, ka bi da mai duhu. Fentin ya zama ruwa-ruwa kamar madara. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don mai kauri yana cike 'yan layukan da ke nuna inda aka haɗa fallayen ƙarfe. Kada ka yi na biyu sai na farko ya bushe. Lokacin hunturu, da ka gama shafi ka kife kwali a kansa, in ba haka ba ƙura ta zauna ta mai da fiffike kamar samfefa.

Alamomi da tsufa

Akwai wata 'yar takarda mai ɗauke da lambobin jirgi da tambarin Ingilishi, watau da'ira ja a tsakiya, sai fara, sai shuɗiya. Yanke guda ɗaya, tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi, ka ƙidaya ashirin, ka fitar. In ya fara zamewa, kai takardar wurin da zai zauna, ka tura shi da jiƙaƙƙen buroshi ya sauka. Danna shi a hankali da tsumma mai laushi. Ya fi kwanciya a kan fenti mai santsi. A kan mai kaushi iska ta kan maƙale a ƙarƙashi, gefensa ya yi fari-fari.

Jirgin da ya sauka a Kano a 1941 ba sabo fil ya ke ba, ya sha rana da ƙura. Wanda ya ke so ya nuna haka, sai ya goga bakin fensir a samfefa, ya ɗebi garin da busasshen buroshi, ya ja shi daga bututun hayaƙi zuwa baya, yadda iska za ta kwashe shi. Zoben da ke bakin murfin inji a yi masa launin tsohuwar tagulla, don ta nan hayaƙi mai zafi ke taruwa. Tayoyi kada a yi su baƙi wuluk, a yi toka mai duhu, a ɗan shafa jar ƙasa. A nan ma tuna da 72. Kaɗan ya isa. Jirgin da aka cika wa baƙi sai ya zama kamar tukunyar da ta kwana a murhu.

In an gama, a cire tef daga gilas da matsefata, a manna farfela da tayoyi. Waɗansu suna rataye shi da zare a rufin ɗaki, amma can hayaƙi da yanar gizo za su same shi. Gara a yanka ɗan katako mai inci 12, a shafa farin gam, a barbaɗa jar ƙasa tankaɗaɗɗiya, a ɗora jirgin. A gefe ka tsai da guntun tsinke mai inci 1, shi ne mutum. A bakin katakon ka rubuta da hannunka: Blenheim, Kano, 1941, awo 1:72.