Hannuwan da Tarihin Kano Ya Ratsa

Duk mai neman rubutaccen labarin Rano, wadda take ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ba shi da makawa sai ya koma ga littafin nan na Larabci da ake kira Tarihin Kano, domin a cikinsa ne aka ambaci yadda Sarki Yaji, wanda Wangarawa suka iso a zamaninsa, ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya bi shi har gida, ya zauna a Bunu shekara 2. Amma kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar matani sai sun duba isnadi, haka ya wajaba a tambayi littafin kansa: wa ya wallafa shi, wa ya kwafa, a hannun wa ya kwana?

A nan ne al'amarin ya yi wuya. Kwafin da wani Bature, Palmer, ya fassara da Turanci a 1908 a Sabongari ta wajen Katsina aka same shi, babu sunan mawallafi, kuma labarinsa ya tuƙe a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya hau gado a 1883. A 1933 Rupert East ya fitar da littafin da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Daga baya wani masani, Hunwick, ya rinjayar da cewa Ɗanrimi Barka, bawan sarki, shi ne ya tsara shi. Hujjarsa tana da ƙarfi, ko da yake zato ne na malami, bai kai yaƙini ba.

Masu binciken salsalar littafi warƙar ƙarshe suke fara dubawa, inda magayi da marubuci kan sa sunansu bayan kalmar tammat, sa'an nan su bi hashiya suna neman shaidar mallaka ko ta waƙafi, daga bisani su ɗaga takardar ga hasken rana, inda sau da yawa jinjirin wata guda 3 kan bayyana, tambarin masana'antun ƙasar Banisa ta Italiya, waɗanda fatake suka riƙa kawo takardarsu ta Tarabulus.

Ita Banisa ɗin nan ce aka yi wa kyautar littattafan Yunananci a 1468, lokacin da wani malami, Bessarion, ya ba ta taskarsa tare da rubutaccen lissafinta, shi ya sa har yau ake iya bin salsalar yawancinsu. Namu kuwa, a zaurukan malaman Rano da Kibiya, rabon gado ne kan tarwatsa su, tunda warƙoƙi ne sake cikin tadarishi, ana iya raba littafi ɗaya tsakanin magada, gara kuma ta ci rabonta. Littattafan Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, sun tsira a haɗe, sai dai mai son karanta su yanzu sai ya nufi Jami'ar Northwestern ta Amurka.