Kafin ranar difens: yadda ake saita hoton majigi

Bara na zauna a bayan ɗakin taro ina kallon difens ɗin furojet na ajin da ke gabanmu. Wata 'yar uwa ta yi watanni tana tattara alƙaluma, ta jera su a zane mai layi ja da rawaya, amma da aka haska a bango sai komai ya koɗe kamar an watsa madara. Malamai suka ce ta karanto alƙaluman da ka, nan take ta rikice. Wani ya ɗauki rimot ya ƙure biraitnes wai zai taimaka, abin ya ƙara lalacewa. Bana mu ne a layi, shi ya sa na ce bari in rubuta ɗan abin da na sani.

Ni ba a aji na koya ba. Yayana yana da gidan kallon ƙwallo a garinmu Shanga, kuma duk hutu ni ke kan majigi a daren Gasar Zakarun Turai. A can idan hoto ya yi dishi-dishi ba a jira, ihu ake yi, wasu su ce a mayar musu da kuɗinsu.

Abu na farko da kusan kowa ke kuskurewa: biraitnes ba ya ƙara wa fitilar majigi ƙarfi. Ƙarfin fitila da lumen ake auna shi, kuma irin majigin da ake sa wa a azuzuwa yawanci 3,000 zuwa 4,000 gare shi, iyakarsa ke nan. Aikin biraitnes shi ne faɗa wa na'ura inda baƙi zai fara. Ka ɗaga shi da yawa, baƙi ya koma toka-toka, rubutu ya koɗe. Ka sauke shi da yawa, duk abin da ke da duhu ya haɗe wuri ɗaya. A gidan kallo da fuskar 'yan wasa baƙaƙen fata nake gane wannan: idan ba na iya bambance idon ɗan wasa da kumatunsa, to na sauke fiye da kima. Kwantiras kuma shi ke kula da ɗaya ɓangaren, wato inda fari zai tsaya. In ka ƙure shi, layin rawaya da farin shafi su zama abu guda.

Ga dabara mai sauƙi. Ka shirya shafi biyu a PowerPoint. Na farko baƙi ƙirin, da 'yan akwatuna uku masu duhu, kowane ya ɗan fi na kusa da shi haske. Na biyu fari fat, da akwatuna uku masu ruwan toka mai haske. Haska na farko, sauke biraitnes har akwatunan su ɓace, sannan ka riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya har na ƙarshe ya leƙo, ka tsaya. Haska na biyu, ɗaga kwantiras har akwatunan su narke cikin fari, ka koma baya har su dawo. Sai ka sake duba na farko, don taɓa ɗaya yakan ɗan motsa ɗayan.

Amma kafin ka taɓa rimot ma, dubi ɗakin. Majigi ba ya iya haska baƙi. Baƙin da kake gani bango ne kawai da haske bai faɗa masa ba. Idan rana na shigowa ta taga tana dukan bangon nan, babu maɓallin da zai cece ka. Ja labule, kashe fitilun gaba, ka bar na baya. Kuma kar son babban hoto ya ruɗe ka: in ka ja majigi baya har faɗin hoto ya ninka, hasken nan zai bazu a fili ninki huɗu, kowane wuri ya samu kashi ɗaya cikin huɗu. Yayana ya daɗe yana musu da ni a kan wannan, yana cewa "Kai dai ƙara girma, mutane su ga kuɗinsu." Sai da na matso da tebur wata rana, na baya suka daina ƙorafi, sannan ya yi shiru.

Sai siffar hoto. Tsofaffin majigai da yawa 1024 sau 768 ne, wato 4:3, alhali yawancin laftof 16:9 ne. In ba su dace ba, ƙwallo ta koma ƙwai, da'irar zanenka ma haka. Duba lambar majiginku, ka saita kwamfuta a kanta. Kiston, mai miƙar da hoto idan ya karkace, ni dai ba na sonsa sai dole, domin matse hoton yake yi, ƙananan haruffa su dushe. Gara ka daidaita majigi ya fuskanci allo sosai, ka juya zoben gilashin gaba har rubutu ya fito tas, ka je kujerar ƙarshe ka gwada karantawa.

Wajen launi kar ka wahalar da kanka. Zaɓi tsarin da aka ware wa gabatar da rubutu in ɗakin da haske, na sinima in da duhu. Tsarin da ya fi duka haske yakan sa fuska ta yi kore-kore.

In ka yi duk wannan hoto bai gyaru ba, to ƙura ce ko tsufan fitila. Da hunturu soson tace iska kan toshe, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta. Namu sai da aka kai shi Yelwa aka buɗe aka share, ya dawo kamar sabo. Fitila kuma tana raguwa da yawan awannin da ta yi, menu na nuna su. Idan an gama, kashe da rimot ka bar fanka ta tsaya kafin ka zare waya.

Ku nemi izinin shiga ɗakin kwana ɗaya kafin difens, daidai lokacin da aka ba ku, don ranar ƙarfe tara ba ita ce ta ƙarfe biyu ba. In kun gama saiti, ku ɗauki hoton lambobin menu da waya, saboda wani zai iya taɓawa kafin gari ya waye.