Kunamar Bindiga da Hannun Maƙeri a Kafanchan

A watan Satumbar 2023 sojojin rundunar Operation Safe Haven suka ba da sanarwar gano wata ɓoyayyar maƙera a Kafanchan, ƙaramar hukumar Jama'a, inda ake ƙera bindigogi. Cikin kayan da aka baje wa 'yan jarida har da libarba, wato bindiga mai tulun harsashi da ke juyawa, da kwaikwayon AK-47. Jama'a suka yi ta al'ajabin yadda mutum da injin walda zai iya haka. Ni dai ban ga abin mamaki ba. Ƙauyen Nok yana nan ƙasar Jaba, ba nisa da Kwoi, kuma mutanen da ake dangantawa da al'adar Nok sun narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ƙira tsohuwar sana'a ce a kudancin Kaduna. Maƙerin da ke yi wa manomin citta garma da fartanya, shi ne tun kaka da kakanni yake gyara wa maharbi bindigarsa ta toka.

Sai dai bindigar toka daban, ƙaramar bindigar aljihu daban, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa.

Ɗauki ƙaramar libarba irin wadda kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da ita a 1950, mai cin harsashi biyar, bututunta bai wuce inci biyu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe irinta zai ce maka kunamarta tauri gare ta. Gaskiya ne, sai yatsa ya ja da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo biyar ko kusa da haka kafin ta tashi. Dalili kuwa, ja ɗaya ne ke yin aiki uku: ya juya tulun, ya ɗana hamar da ke bayan harsashi, sannan ya sake ta. Galibin irin waɗannan bindigogi ba su da makullin da ake bugawa don hana su tashi. Taurin nan shi ne makullin. Da gangan masu ƙira suka bar shi, domin abu ne da ake cusawa a aljihu ko a ƙugu, inda tufa ko maɓalli ko yatsan mai firgici zai iya taɓa shi.

A Amurka akwai masu sana'ar gyaran bindiga da lasisinsu, suna sassauta kunama, suna sauya abin saiti, don masu gasar harbi. Su kansu sun san ciniki ne mai riba da hasara. Idan aka sassauta fiye da kima, ko dai bindigar ta ƙi tashi ran da ake nemanta, ko ta tashi ran da ba a neme ta ba. Ga kuma abin da ba a gani da ido: ƙananan ƙarafan ciki an gasa fatarsu ne ta yi tauri, da zarar magagari ya ci fatar nan sai ƙarfen ya riƙa zaizayewa sannu a hankali, mai ita bai sani ba, yana ta yabon laushinta. To ina ga wadda aka ƙera daga bututun ruwa ko guntun ƙarfen mota, ba a taɓa gwada irin matsin da za ta iya ɗauka ba? Albarushin harsashin zamani ya fi na bindigar toka ƙarfi nesa ba kusa ba. In bututu ya fashe, hannun mai harbi da idonsa ne mafi kusa da shi.

Batun saiti ba ya buƙatar dogon bayani. Tazarar da ke tsakanin alamar gaba da ta baya a guntun bututu kaɗan ce, don haka ɗan karkacewar da ido bai lura da ita ba kan zama kuskure babba a nesa. Harsashin da ya kauce kuwa ba ya tambayar sunan wanda ya tarar.

Sai doka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Libarba da fistol suna rukunin farko tare da makaman yaƙi, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai cin katirij tana rukuni na biyu, lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ce ta uku. Abin da maƙera da yawa ba su sani ba shi ne dokar ba ƙira kaɗai ta hana ba, har da haɗawa da gyara, in ba da izini ba. Wato wanda aka kawo wa libarba aka ce, “Maigida, ɗan sassauta mini kunamar nan,” ya karɓa, ya riga ya shiga hannu, kuma hukuncin irin wannan laifi yana farawa ne daga ɗaurin shekara 10.

Na san abin da mutumin ƙauye zai ce. Wanda ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011, ga kuma hare-haren dare da satar mutane na shekarun nan, ba za ka ce masa tsoronsa na banza ba ne. Tsoron ne kasuwar maƙerin ɓoye. Amma maƙerin ba ya tantance mai saye. Wadda ya sayar wa ɗan banga yau, irinta zai sayar wa ɗan fashi gobe, in dai kuɗi sun cika.

Abin da ke ba ni haushi shi ne asarar basira. Tun 1964 masana'antar ƙera makamai ta DICON take Kakuri a Kaduna, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A ganina aikin farko da ya kamace su a kudancin Kaduna shi ne su san maƙeran nan ɗaya bayan ɗaya, su yi musu rajista, masu gyaran bindigar toka a nemo musu izinin da dokar 1959 ta tanada, haziƙan cikinsu kuma a kai su Kakuri koyon aiki da albashi.