Tukunya, Kasuwa da Bakin Titi: Tsarin Cimaka a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda abinci ke fitowa daga gona zuwa akushi a ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano. Ta nuna cewa cimakar yankin ta ginu ne a kan wurare uku, wato cikin gida da kasuwa da bakin titi, kuma madatsar ruwa da masara da hanyar mota sun sauya abin da ake ci a kowannensu. Daga ƙarshe ta jawo hankalin manazarta ga kalmomi da sana'o'in da wannan sauyi ke neman shafewa.

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan abincin Hausawa sun tsaya ne ga jero sunaye da rarraba su: na safe da na dare, na yau da kullum da na buki. Wannan aiki ne mai amfani, sai dai yana ɓoye wata gaskiya, wato abinci ɗan ƙasa ne, yana bin ruwan sama da irin turɓaya da hanyar da fatake suka bi. Ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa sun dace da gwada wannan ra'ayi, domin a jere suke daga arewa zuwa kudu, kuma damina tana ƙara tsawo, itatuwa suna ƙara kauri, yayin da matafiyi ya doshi dajin Falgore da duwatsun Riruwai, hedikwatar Doguwa.

2.0 Abin da Ƙasa ke Bayarwa

A da can dawa ce uwar hatsi a wannan yanki, gero na biye mata. Daga ƙarshen shekarun 1970 masara ta fara kutsowa, bayan samuwar takin zamani da ingantaccen iri, tare da aikin malaman gona. Da yake kudancin Kano ya fi arewacinta ruwa, masarar ta karɓu ƙwarai a Doguwa da Tudun Wada, har tuwon masara ya zama na yau da kullum a gidaje da yawa, tuwon dawa kuma ya koma abin marmarin dattawa.

Sauyi na biyu daga ruwa ya zo. An gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Tafkin da ta tara ya samar da masunta da masu banda da masu suya, ta yadda tarwaɗa da karfasa suka shiga miyar mutanen da kakanninsu ba su saba ganin ɗanyen kifi ba sai da damina. Ruwan da ake saki daga Tiga shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda tumatir da tattasai da albasa ke fitowa da yawa. Wannan ne ya sauƙaƙa jar miya, wadda a da ta masu hali ce, ta zauna kusa da kuka da kuɓewa.

3.0 Cikin Gida

Babban ɗakin cin abinci na ƙauyen Hausa ba shi da allo a ƙofa. Matan aure ne ke dafa koko da ƙosai da waina da ɗanwake da alale da dambu a cikin gida, yara kuma su fita da su talla, ko mai saye ya aiko yaro da kwano. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta nuna girman wannan ɓoyayyen ciniki na matan kulle, kuma bayaninta ya dace da abin da ake gani a garuruwan kudancin Kano. Sau da yawa magidanci ba ya ɗora tukunyar rana, yakan ba iyali kuɗi ne su sayi abin da maƙwabciya ta dafa. Ta haka kuɗin cefane ke zagayawa tsakanin mata, su zuba adashe, su haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu.

Da dare kuwa tuwo na gida ne. A nan ake ganin al'adar ciyayya, inda magidantan unguwa ke fito da akusansu ƙofar gida ko gefen masallaci bayan sallar magariba ko isha'i, a ci tare. Ciyayya tana ciyar da baƙo da almajiri, tana kuma rufa asirin wanda rumbunsa ya yi ƙasa, tun da ba a tambayar kwanon wa ya fi nama. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, kuma a wannan tabarma ce ake aiwatar da maganar.

4.0 Ranar Kasuwa

Kasuwar mako ita ce ranar da ƙauye ke cin abin da ba ya ci kullum. Mahauta, ƙarƙashin Sarkin Fawa, suna yanka da safe, kafin la'asar an kafa tsire a tukuba, balangu na kan wuta. Matan Fulani daga rugagen da ke kewaye da Falgore suna kawo nono da man shanu, su dama fura a inuwar bishiya. Masu tuwo-tuwo da masu waina da miyar taushe suna da rumfunansu, waɗanda masu sayen hatsi daga nesa suka sani.

Tudun Wada ta yi fice a harkar shinkafa. Ana sayo shanshera, mata su jiƙa ta, su turara, su shanya, sannan a kai injin casa. Ɗanyen gumi kuma, wanda ba a turara ba, shi ake tuƙa tuwo da shi, a yi waina. Rufe iyakokin Nijeriya na tudu a watan Agustan 2019 ya ƙara wa shinkafar gida daraja, ya kuma ƙara wa masu turarawa aiki. Shinkafa da wake da mai da yaji, wadda aka fi sani da garau-garau, ta zama abincin rana na lebura da ɗan makaranta.

5.0 Bakin Titi

Ciyar da matafiyi tsohuwar sana'a ce a nan. Bebeji zango ne na fatake tun ƙarni na 19, Hugh Clapperton ya ratsa ta a 1826, kuma a cikinta aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro daga Gwanja. Abin da zango ya yi wa ayarin jakuna, shi Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru ke yi wa motoci a yau, domin a nan hanyar Tudun Wada da Falgore zuwa Jos ta rabu da ta Kano zuwa Zariya. Mai shayi da teburinsa na burodi da ƙwai da Indomie, mai gasa masara, mai rake, mai awara, duk direba da fasinja suke jira. Abin lura shi ne, abincin bakin titi galibi maza ne ke dafa shi a bainar jama'a, saɓanin na cikin gida, kuma ta nan ne sabon ɗanɗano ke fara shiga ƙauye.

6.0 Abin da ke Salwanta

Wannan yalwa tana da farashi. Turara shinkafa da gashi da suya duk itace suke ci, kuma daji ne ke biya. Idan aka sare ɗorawa, kalwa ta yi tsada, daddawa ta ja baya, dunƙulen Maggi ya maye gurbinta. Idan kaɗanya ta tafi, man kaɗe ya bi ta. Tsadar sufuri bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta rage ribar mai talla, ta kuma rage abin da magidanci ke iya fitarwa ciyayya.

Akwai kuma asarar harshe. Yarinyar da ta tashi da injin niƙa da kwanon roba ba lallai ba ne ta bambance surfe da ribɗi, ko tankaɗe da bakace, ko ta san akushi da ƙoshiya da madambaci. Idan kalmar ta mutu, karin maganar da aka gina a kanta yakan rasa ma'ana ga mai sauraro.

7.0 Kammalawa

Cimakar waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ta nuna cewa abin da ake kira abincin gargajiya ba tsayayye ba ne: masara da kifin tafki da garau-garau duk baƙi ne da suka zama 'yan gida cikin shekaru kusan 50. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa shi ne tattara kalmomin girki daga bakin tsofaffin mata da mahauta da masunta, gari-gari, tare da lura da bambancin karin harshe tsakanin ƙasar Bebeji da kan iyakar Zazzau. Dattawan da suka ci tuwo kafin a gina Tiga suna ƙarewa, kuma su kaɗai ke iya faɗin yadda miyar wancan zamani take.