Tambulan mai shayi da gilashin tankin murjani

Duk wanda ya taɓa zama a Khartum ko Omdurman ya san matan nan masu shayi da mutanen garin ke kira sittat shai. Mace da murhun gawayi, da 'yan kujeru, da kwalaben citta da kirfa da na'a-na'a a jere gabanta, a bakin Titin Nilu ko a wata inuwa cikin Kasuwar Omdurman. A ƙaramin tambulan take zuba shayi, kuma idan ka ɗaga shi a rana, gilashin ba ya ganuwa, jan shayin ne kawai ke bayyana. Amma bari ta wanke tambulan masu arahar nan ta cusa su cikin juna, ka leƙa ta gindi inda kauri ya taru. Sai ka ga wani kore-kore mai dishi-dishi wanda ba ka lura da shi a guda ɗaya ba. Koren nan yana cikin gilashin tun daga masana'anta, kauri ne kawai ya tona shi. Wanda yake shakka ya dubi gefen gilashin taga ko na teburin kanti.

A kan wannan koren ake tafka muhawara tsakanin masu kiwon murjani a gida, wato masu gina babban tankin gilashi su cika shi da ruwan gishiri, su raya murjani da kifayen teku a ciki. Wasu sun ce gilashin da aka saba da shi ya wadatar. Wasu sun ce sai mai ƙarancin ƙarfe, komai tsadarsa.

Da yashi ake yin gilashi, kuma yashi ba ya rasa ɓurɓushin ƙarfe. A gilashin taga, tsatsar ƙarfen da ke ciki ba ta wuce kusan kashi 0.1 cikin ɗari ba, amma wannan ɗan abin yana shanye wani ɓangare na jan haske, ya bar kore da shuɗi su wuce. Mai ƙarancin ƙarfe kuwa da zaɓaɓɓen farin yashi ake yin sa, a sauke ƙarfen zuwa wajen kashi 0.01. Hanyar ƙira ɗaya ce, wadda kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, ta malala narkakken gilashi a kan narkakken kuza. A kasuwa za ka ji ana ambaton Optiwhite na Pilkington, da Starphire, da Diamant na Saint-Gobain. Ko dalar gilashin da aka buɗe a harabar gidan tarihin Louvre na Faris a 1989, sai da mai zanenta, I. M. Pei, ya dage aka yi masa gilashi marar kore, don kada tsohuwar fadar ta sauya launi ga mai leƙe ta ciki.

To, mai ƙaramin tanki na lita 100, da gilashi mai kaurin milimita 6, yana wurin mai tambulan ɗaya ne. In ya biya kuɗin mai tsada, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, don da ƙyar ido zai rarrabe. Babban tanki ne ke sauya lissafi. A ɗauki mai tsawon mita 2, faɗi da zurfi santimita 75 kowanne. Ruwansa lita 1,125 ne, nauyinsa ya haura tan guda kafin a saka dutse ko yashi. Ruwa kuma yana tura bango ne gwargwadon zurfinsa, shi ya sa magina tanki ke neman kaurin milimita 15 zuwa 19 ga irin wannan. Gilashin gaba kaɗai, in mai 19 ne, ya kai kilo 70. A nan an cusa tambulan cikin juna ke nan. Gilashin gama-gari mai wannan kauri yana barin kashi 80 da 'yan kai na haske ya ratsa, mai ƙarancin ƙarfe kuwa yana nan wajen kashi 90. Ni a wurina ba yawan hasken ne abin damuwa ba, launin da aka ci ne. Farin yashi ya koma kamar an zuba masa ruwan ganye, murjani mai ruwan hoda ya dushe, jan kifi ya yi duhu. Mutumin da ya kashe dukiya don kallon launi, sannan ya sa labule tsakaninsa da launin, ya yi aikin baban giwa.

Kuma launin nan a ƙofar gida yake ga mutanen Sudan. Kilomita 25 daga gaɓar Bahar Maliya akwai Sanganeb, tsibirin murjani mai hasumiyar jagorar jiragen ruwa, wanda UNESCO ta saka cikin kayan gadon duniya a 2016 tare da Dungonab da tsibirin Mukkawar. A Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan, Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Kakanninmu alhazan ƙasa da suka bi ta Suwakin zuwa Jidda, a kan wannan lambu na Ubangiji jiragensu suka ratsa, ko da yake hankalinsu na can wajen Ka'aba. Wanda ya taɓa leƙa ruwan nan da idonsa ba zai yarda da tanki mai kore-kore ba. Sai dai a tuna, Sanganeb wuri ne mai kariyar doka, ba wurin ɓallo murjani ba ne. Wanda aka raya a gonar ruwa shi ya dace da tanki, kuma ya fi jure zaman gida.

Ana yawan cewa gilashi mai ƙarancin ƙarfe bai kai ɗayan ƙarfi ba, kamar ƙarfen da aka cire shi ne ƙashin bayansa. Ba haka ba ne. Ƙarfen launi kawai yake bayarwa, kuma da kauri ɗaya ake lissafin su biyun. Abin da ke fasa tanki shi ne rage kauri, da mummunan liƙi, da tebur marar daidaito. Maganar da ta fi yawo ita ce ta karcewa: masu kiwo da dama sun ce ya fi saurin karcewa, wasu sun ce karcen ne ya fi fitowa fili a gilashi mai tsabta. Ko wanne ne gaskiya, mazaunin Khartum ya fi kowa dalilin kiyayewa, saboda habub, guguwar ƙurar nan da ke rufe gari kafin damina. Ƙwayar yashi ta fi kowane gilashi tauri. Guda ɗaya ta maƙale a maganaɗisun da ake goge tanki da shi, an ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma ba ya gogewa.

Akwai abubuwa biyu da ke rage wa mai tsadar daraja, waɗanda mai kanti ba zai tuna maka ba. Yawancin masu murjani da shuɗiyar fitila suke haska tanki, kuma shuɗi yana ratsa gilashin gama-gari ba tare da asara mai yawa ba. A farin haske ne bambanci ke tsalle ya fito. Sannan ruwan tanki da kansa yana yin rawaya in ya daɗe. Mai shayi ta san tambulan mai kyau ba ya gyara shayin da ya kwana. Ruwa mai faɗin santimita 75 da ya gurɓata zai ɓoye duk abin da santimita 2 na gilashi ya gyara, sai an riƙa tace shi da gawayin tace ruwa ana kuma sauya wani ɓangarensa.

Sai maganar aljihu. Daga waje ake kawo irin wannan gilashi, kuma daga Port Sudan zuwa Khartum tafiya ce ta kusan kilomita 800 a mota, da kaya mai fashewa. Ga zafi: a Mayu da Yuni garin yana haura digiri 40, murjani kuwa tsakanin 24 da 27 yake so, in ruwa ya daɗe sama da 30 sai ya yi fari ya mutu. Dole a sami na'urar sanyaya ruwa, da famfunan da ba sa tsayawa dare da rana. Ruwan famfo daga Nilu yake, mai laka a lokacin ambaliya, sai an tace shi sosai kafin a narka masa gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Wutar lantarki kuma tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ana ɗauke ta, balle bayan ɓarnar da yaƙin ya yi wa birnin. Mutane sun rasa rayuka da gidaje, tankin kifi ba shi ne abin kuka ba, Allah Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa. Amma wanda Allah Ya hore wa ya koma ga wannan sha'awa, a otal ne ko a makaranta ko a falonsa, ya san cewa 'yan awoyi ba wuta cikin zafin Khartum sun isa su kashe abin da ya yi shekaru yana raino.

Saboda haka, in kaurin ya kai milimita 12 ko ya wuce, ka sa mai ƙarancin ƙarfe a gaba, da gefen da baƙi ke gani idan akwai. Baya da ƙasa, waɗanda fenti da yashi za su rufe, gama-gari ya ishe su, kuma ana liƙa iri biyun tare ba matsala. Kafin ka biya, ka ce wa mai gilashi ya nuna maka gefen falle a rana, ka ɗora farar takarda a bayansa. Kada ka taɓa rage kauri don kuɗin mai tsada su isa. Rarar da ta saura, ka kai ta ga sola da batir da na'urar sanyaya ruwa kafin ka sayi kifi ko ɗaya.