Rimot ya ƙi aiki da allon mota: abin da ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Garwa, Marwa da Njamena na hannu ne, waɗanda suka sauka a tashoshin jiragen ruwa irin na Duwala da Kwatano. Da yawansu kan iso da allo a gaban mota, mai haɗe da rediyo da na'urar kallon bidiyo, amma rimot ɗinsa, wanda a ƙasashen renon Faransa ake kira telekomand, ya ɓata tun a hanya. Mai mota sai ya sayi wani a kasuwa, ya danna, shiru. Daga nan wasu kan yanke hukuncin cewa allon ne ya mutu, su sauya shi da kuɗi mai yawa, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce batir ba.

Yadda rimot ke magana da allo

Rimot na yau da kullum yana aiki ne da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. Idan aka danna maɓalli, ƴar ƙaramar fitilar da ke bakin rimot takan yi walƙiya da sauri, galibi kimanin sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin wannan walƙiya ne saƙon yake. A jikin allon akwai wani ɗan ido, yawanci a bayan baƙar roba ko ja mai duhu, shi ne ke karɓar hasken ya fassara shi.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, haske ba ya ratsa abin da ya tare shi, don haka dole bakin rimot ya kalli idon. Na biyu, kowane kamfani da lambobinsa. Rimot na Pioneer ba zai motsa allon Sony ba, ko da kamanninsu ɗaya. Na'urorin ƙasar Sin marasa fitaccen suna sun fi rikitarwa: rimot biyu kan fito daga jiki iri ɗaya, da maɓallai iri ɗaya, amma lambobin da suke aikawa daban.

A fara da batir da kyamarar waya

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A buɗe kyamarar wayar salula, a nuna mata bakin rimot, a danna kowane maɓalli. Idan rimot na da rai, za a ga haske fari ko mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa a fuskar wayar. Wasu wayoyi suna tace wannan haske a kyamarar baya, saboda haka idan ba a ga komai ba sai a gwada ta gaba.

In har babu haske, a duba batir. Siraran rimot na mota sun fi amfani da batir mai kama da kwabo, mai ƙarfin volt 3, musamman CR2025 ko CR2032. Faɗinsu ɗaya, milimita 20, amma na farko kaurinsa milimita 2.5 ne, na biyu 3.2. Idan aka sa siriri a gurbin mai kauri, yakan yi sako-sako ya kasa taɓa ƙarfe. A lura da gefen da ke da alamar + don kada a kifa shi. Sabon rimot kuma kan zo da ɗan siririn leda tsakanin batir da ƙarfe, sai an zare shi zai yi aiki.

Zafi ma na da nasa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Njamena ko Garwa, cikin motar da aka ajiye a rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Rimot da aka bari a ƙarƙashin gilashin gaba batirinsa kan mutu da wuri, robarsa ta lanƙwashe. Idan wasu maɓallai na aiki wasu ba sa yi, ƙura da gumi ne suka shiga. A buɗe shi a hankali, a goge da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe.

Idan rimot lafiya lau amma allo bai amsa ba

A nemo idon allon a goge shi, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta rufe shi. A duba ko ledar kariya ko wani ado da aka manna ya tare shi. Hasken rana ma ɗauke yake da infirared mai yawa, idan ya doki idon kai tsaye yakan danne saƙon rimot. Rimot da ke aiki da dare ko a inuwa amma ya ƙi da tsakar rana, wannan ne ciwonsa.

A manyan motocin fasinja akwai wani kuskure da ake yawan yi. Na'urar da ke kunna bidiyo tana gaba wurin direba, allon kuma yana rataye a rufi. Wayar nan mai kai rawaya da ta haɗa su hoto kawai take kaiwa. Nuna rimot ga allon sama ba zai sauya waƙa ba, sai an nuna shi ga na'urar da ke ƙasa.

Akwai kuma allunan Android na zamani da ba su da idon infirared kwata-kwata. Irin waɗannan suna buƙatar rimot mai aiki da Bluetooth, wanda sai an haɗa shi a cikin saituna, ko mai ɗan kan da ake cusawa a ramin USB.

Wajen sayen wani

Hanya mafi tabbas ita ce a karanta lambar samfurin da ke jikin na'urar a nemi rimot ɗin da ya dace da ita. Na'urorin Pioneer da aka yi don kasuwar Japan suna ɗauke da sunan Carrozzeria. Rimot gama-gari na talabijin ba kasafai yake da lambobin na'urorin mota ba. Mai koyon lamba kuwa sai da rimot na asali mai aiki zai kwafa. Wasu wayoyin Xiaomi da Redmi suna da fitilar infirared, ana iya gwada su, ko da yake ba kowace na'ura ke cikin jerinsu ba. Mafi alheri shi ne a kai motar ƙofar shagon, a gwada kafin a biya.

Wayoyin da ke ruɗa masu gyara

A bayan na'urar akwai waya shuɗiya mai ratsin fari da aka rubuta wa REMOTE ko REM. Ba ta da alaƙa da rimot na hannu. Aikinta ta aika wutar volt 12 don tayar da amfilifaya idan an kunna rediyo. Haɗa ta ba daidai ba na iya ƙona wani sashe na na'urar.

Maɓallan da ke kan sitiyari kuwa ta waya suke aiki. A allunan Android wayoyinsu su ne KEY1 da KEY2, kuma bayan an haɗa sai an shiga saituna an koya wa na'urar aikin kowane maɓalli. Sababbin motoci da ke tura saƙo ta tsarin CAN suna buƙatar wani ɗan akwati mai fassara, wanda aka yi don wannan samfurin mota.

Idan sauti na fita amma hoton bidiyo ya ƙi bayyana, ba laifin rimot ba ne. Akwai wayar da ake haɗawa da birkin hannu domin hoto ya ɗauke idan mota na tafiya. Wasu masu wayarin kan haɗa ta da jikin mota don hoto ya tsaya kullum. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ya kai ido ga allo na daƙiƙa uku ya yi tafiyar mita 75 bai ga hanya ba. Rimot a mota na fasinja ne, ko na direban da ya tsaya.

A kula da yara

Batir mai kama da kwabo yana da haɗari ga ƙananan yara. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu kacal. Tsohon batir ma bai rasa sauran ƙarfi ba, don haka kada a yar da shi a ƙasan mota ko a tsakar gida. Idan ana zaton yaro ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a jira alama ta bayyana, a garzaya da shi asibiti nan take.