Inda Aka Ajiye Firiza da Lafiyar Abincin Yaro



A Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, gidajen da suka mallaki firigo ko firiza suna ta ƙaruwa. Wata uwa tana sayar da ƙanƙara da bisap, wata tana ajiye nama da kifi, wata kuma ba ta da tata, amma tana kai ajiya gidan maƙwabciya. Da yake firiza tana da girma, ga kuma ƙarar inji, galibi akan tura ta garaji ko zaure ko wata rumfar kwano a bayan gida. Wannan takarda bayani ce a kan yadda wurin ajiyar yake shafar abincin da ke ciki, wanda daga ƙarshe cikin yaro zai shiga.

Yadda take aiki

Injin firiza yana janye zafi daga cikin akwatin, ya fitar da shi ta baya ko ta gefe, iskar ɗaki ta kwashe. Shi ya sa idan kika taɓa jikinta za ki ji ɗumi. Aikinta shi ne ta riƙe abinci a digiri 18 ƙasa da sifiri, shi kuwa firigo ƙasa da digiri 5. Iya yin wannan aiki ya dogara ne ga yanayin ɗakin da aka sa ta.

Masu ƙerawa sukan rubuta yanayin da ya dace da kowace a kan ƴar takardar da ke manne a bayanta ko a cikinta. Alamar SN tana nufin ɗaki mai digiri 10 zuwa 32, N kuma 16 zuwa 32, ST 16 zuwa 38, sannan T 16 zuwa 43. Da yawa daga cikin tsofaffin firigo da ake kawo mana daga Turai an yi su ne domin yanayin can.

Matsalar sanyi da matsalar zafi

A ƙasashen sanyi irin su Faransa da Kanada, an san wata matsala mai ban mamaki. Mutum ya ajiye firigo mai haɗe da firiza a garajin da ba a ɗumama shi, sanyin hunturu ya shigo, sai naman da ke sashen ƙanƙara ya narke. Dalili shi ne da yawansu ma'aunin sanyi ɗaya gare su, kuma a sashen firigo yake. Idan garajin ya yi sanyi sosai, ma'aunin sai ya ga babu sauran aiki, injin ya daɗe bai tashi ba, sashen ƙanƙara kuwa ya yi ta ɗumi ba tare da kowa ya lura ba. A nan ma, a watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 16, don haka mai irin wannan firigo a buɗaɗɗen zaure ta riƙa taɓa namanta da safe ta ji ko yana nan da ƙarfinsa.

Babbar matsalarmu dai zafi ce. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa, garaji mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Firizar da aka yi wa iyakar digiri 32 sai ta yi ta gudu ba hutu, ta ci kuran mai yawa, kuma duk da haka sanyin bai kai ba. Idan aka ɗauke kuran, abin da ke ciki ya fi saurin narkewa a garaji mai zafi fiye da a ɗaki mai sanyi.

Abin da ya haɗa wannan da tamowa

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Yana hana su yaɗuwa ne kurum, da zarar abinci ya yi ɗumi sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin digiri 5 da 60 ne suke hayayyafa da sauri, kuma kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2. Naman da ya narke da rana ya sake daskarewa da dare yana iya kasancewa babu wari, babu sauyin launi, alhali cuta tana ciki. Babba zai iya ci ya yi ciwon ciki na kwana ɗaya ya miƙe. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kuwa zawo yakan tsotse ruwan jikinsa, ya hana shi cin abinci, nauyinsa ya ragu. Yaron da ya rame ya fi saurin sake kamuwa da zawo, ta haka tamowa take samun hanyar shiga.

Zaɓen wurin ajiya

Ki nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, mai shigar iska, inda rana ba ta bugun firizar, nesa da murhu da tukunyar gas. Ki bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, kada kuma a jibga mata kaya ko a lulluɓe ta da bargo tana aiki. Idan babu wani wuri sai garaji, a sa zana ko kara a kan kwanon rufin domin rage zafi, a buɗe taga, a ɗora ta bisa katako saboda ruwan damina, a kuma nisanta ta daga jarkar man fetur. Ƙurar hunturu tana toshe inda zafi yake fita, saboda haka a cire wayar kuran a share bayanta lokaci zuwa lokaci. Domin gwada robar murfi, ki maƙala takarda ki rufe, idan ta zare cikin sauƙi to sanyi yana zuba. Tsohuwar firizar da ta mutu kuwa a cire mata murfi, kada yaro ya shiga wasa ya rasa iska.

Idan aka ɗauke kuran

Kada a buɗe. Firizar da take cike tana iya riƙe sanyi kusan kwana biyu idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kwana ɗaya, firigo kuma wajen awa 4, sai dai zafin bazara yana rage wannan lokaci. A cika sararin da ya rage da gorunan ruwa su daskare. Ga wata dabara: ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora tsabar dala ashirin a sama, ki bar shi a ciki. Ranar da kika tarar da kuɗin a gindin kofi, abincin ya narke ya sake daskarewa. Naman da ya yi laushi amma yana da sauran ƙanƙara a dafa shi nan take. Wanda ya narke har ya yi ɗumi, kada a ba yaro.

A lokacin layya akan cika firiza da ɗanyen nama a rana ɗaya, na tsakiya ya daɗe bai daskare ba. A ƙulla shi ƙanana, gwargwadon tukunya ɗaya. Inda kuran ba shi da tabbas, suya da shanya da iyayenmu suka saba sun fi aminci.

Abincin yaro

Kunun yaro a dama shi sabo a kowane lokaci. Abin da ya fito daga firigo a ɗumama shi har ya tafasa, a bar shi ya huce a rufe. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara, ba ya bukatar ruwan ƙanƙara. Abincin maganin tamowa na leda da ake bayarwa a gidan likita ba ya bukatar firigo, a ajiye shi a inuwa.

Ku masu faɗakarwa, idan kun shiga gida ku tambayi inda firizar take, ku duba alamar da ke jikinta tare da uwargida, ku nuna mata dabarar kofi. Yaron da ya fara zawo a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan SRO da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan akwai jini a zawon, ko yana amayar da komai, ko ya ƙi nono, ko idanunsa sun faɗa, a kai shi gidan likita a wannan rana. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.